'Yancin Kuɗin Ƙananan Hukumomi: Fa'idodi da Illoli ga Mutumin Ƙauye

Tsakanin ƙauyenmu da garin da kasuwarmu take ci akwai kwalbati guda, a kan wani ɗan rafi da ke bushewa ƙayau da rani, ya cika ya batse idan Agusta ta kama. Bayan da ruwa ya cinye kwalbatin, damina uku muka yi muna haye rafin da ƙafa, kaya a ka, takalmi a hannu. Masu amalanke suka daina shigowa, 'yan acaɓa suka ninka kuɗi, farashin gero ya faɗi a hannunmu saboda mai saye sai ya cire kuɗin dako. Mace mai doguwar naƙuda kuwa sai an sami ƙarfafan samari huɗu sun ɗauke ta a gado sun tsallakar da ita zuwa inda mota ke jira. Dattawa suka je wurin dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, aka rubuta takarda zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, kansila ya yi ta safa da marwa. Amsa ɗaya ake dawowa da ita: ba a sako kuɗi daga sama ba. Daga ƙarshe gayya muka yi. Kowane gida ya ba da kwanon hatsi, 'yan garinmu da ke ci-rani suka aiko da kuɗin siminti, matasa suka ɗebo dutse da yashi.

Wannan "sama" da ake ta faɗa mana, ita Kotun Ƙoli ta taɓa ranar 11 ga Yuli, 2024. A ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnatocin jihohi 36, alƙalai bakwai suka zauna, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, gwamna ba shi da hurumin riƙe shi, kuma ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya ɗora kantomomin riƙo.

Da yammacin ranar muna zaune a ƙofar gida aka karanto labarin a rediyo. Matasa suka hau murna. Kawuna, wanda ya ga zamanin haraji da jangali da idonsa, ya yi shiru har aka gama, sannan ya dube ni ya ce, "To ɗana, kuɗin da aka ce za su sauko, hannun wa za su faɗa?" Na ce, "Hannun ciyaman, Kawu." Ya ce, "Shi kuma ciyaman ɗin yana hannun wa?" Wannan tambaya tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a cikinta fa'idar hukuncin take, a cikinta kuma illarsa take.

Daga En'e zuwa asusun haɗaka

Kafin a yi maganar riba da asara, ya kamata a san yadda aka zo nan. A zamanin En'e hukuma tana kusa da talaka ƙwarai, har kusancin ya yi yawa. Tana da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da kotunan alƙalanta, da gidan yarinta. Mai unguwa ya tara haraji ya miƙa wa dagaci, dagaci ya miƙa wa hakimi. Da kuɗin aka gina makarantun elementare da ɗakunan shan magani da rijiyoyin siminti, da ikon kuma aka daure masu adawa, abin da su Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU suka yi ta yaƙa tun daga 1950. Gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976 ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, guda 301. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talaka ya numfasa, amma daga nan ƙaramar hukuma ta ƙara karkata ga kuɗin da ke zuwa daga tarayya. Adadin ya yi ta ƙaruwa, ya kai 589 a 1991, ya kai 774 a 1996. Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato kowacce 23, Zamfara 14.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya zo da baki biyu. Sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su tafiyar da ƙananan hukumomi. Sashe na 162 kuma ya ce kasonsu ya biyo ta wani asusu da jiha za ta buɗe, wanda muka fi sani da asusun haɗaka. A tsarin rabon arzikin ƙasa, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, ga kuma kashi 35 na harajin kayan masarufi. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 kason ya kumbura, har ya zama a tsakiyar 2024 ƙananan hukumomi a haɗe suna samun sama da naira biliyan 300 a wata. Idan aka raba, a matsakaici kowacce na da ɗaruruwan miliyoyi. Amma abin da ke isa sakatariya a wurare da yawa albashi ne da 'yan kuɗin gudanarwa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

FA'IDODI

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo

Wanda ya karanta jerin ayyukan da kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma zai ga rayuwar ƙauye ce aka zayyana: kasuwa, tasha, kwata, maƙabarta, ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sai kuma sa hannu a ilimin firamare, kiwon lafiya da bunƙasa noma. Ba ɗaya a ciki da ke ɗaukar ido, amma da su ake rayuwa. Gwamna da ke zaune a birni ya fi ganin gadar sama da titi mai tagwayen hanyoyi, domin su ake gani a hoto, su ake yanke wa kyalle. Ba ya jin labarin tuƙa-tuƙar da ta tsaya saboda roba guda ta cinye, ko ajin da iska ta yaye wa kwano biyar, ko hanyar burji da ke buƙatar tifa goma ta jar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Irin waɗannan ba sa cin kuɗi mai yawa idan an tare su da wuri. Jira ne ke mai da su manya. Idan kuɗin yana sakatariya, tsakanin kuka da magani tafiyar babur ce, ba takardar da za ta kwana a ma'aikatu uku ba.

Uzuri ya ƙare

Asusun haɗaka ya zama inuwar da kowa ke fakewa. A tambayi ciyaman ya nuna gwamna, a tambayi gwamnati ta ce ai aikin ƙaramar hukuma ne. Talaka ya rasa wuyan rigar da zai kama. Biyan kuɗi kai tsaye yana yaye wannan inuwa. Ciyaman ɗan gari ne, an san gidansu, an san surukansa, ana haɗuwa da shi a jana'iza da ɗaurin aure da sallar Idi. Kunyar idon jama'a makami ne mai kaifi a ƙauye, kuma ba ta kama wanda ke nesa. Ga doka ma ta fi samunsa. Kariyar da sashe na 308 ya bayar ta tsaya ga shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu. Ciyaman ba shi da ita, saboda haka EFCC ko ICPC na iya gurfanar da shi yana kan kujera, ba sai an jira ya sauka ba.

An rufe ƙofar kantoma

Kantoma bai taɓa roƙon ƙuri'ar kowa ba, don haka ba ya jin bashin kowa a wuyansa sai na wanda ya naɗa shi. An yi jihohin da suka shekara da shekaru ba zaɓe, ana sabunta wa'adin kantomomi wata shida-shida. Da kotu ta ce kason tarayya na zaɓaɓɓu ne kaɗai, cikin 'yan watanni jihohi da dama suka sa ranar zaɓe. Ko da zaɓen bai cika sunansa ba, dole ɗan takara ya zagaya ƙauyuka, ya durƙusa a zauren dagaci, ya ji koken mata a bakin rijiya, ya ɗauki alkawari a bainar jama'a. Alkawarin da aka yi a gaban shaidu ana iya tuna wa mutum shi. Kujerar kansila kuma ita ce makarantar farko ta shugabanci. Ita ce matakin da malamin makaranta, ko shugaban 'yan kasuwa, ko macen da ta daɗe tana jagorantar adashi da ƙungiyar mata za su iya takawa ba tare da tarin dukiya ba.

Kuɗi zai juya a gida

Idan aka bayar da kwangilar aji biyu daga babban birnin jiha, ɗan kwangila daga can yake zuwa da maginansa da bulonsa, ya gama ya tafi da ribar. Idan daga sakatariya aka bayar, mai bulon garin ne zai buga, kafintan garin ya yi rufi, mai walda ya haɗa ƙofa da taga, mai amalanke ya yi dakon yashi, mai abinci ta sayar wa leburori. Naira ɗaya sai ta bi hannu biyar kafin ta bar gari. Wanda ya san yadda ƙauyukanmu ke zama kufai bayan girbi, samari sun tafi ci-rani Kano, Abuja, Legas ko Fatakwal, ya san darajar aikin da zai riƙe ko da kaɗan daga cikinsu a gida. Saurayin da ke da abin yi a garinsu ya fi wuyar ja zuwa shaye-shaye ko bangar siyasa ko abin da ya fi su muni.

Gaggawa ba ta jiran takarda

Amai da gudawa idan ta ɓulla a ƙauye, kwana biyu sun isa ta cika maƙabarta. Abin da ake buƙata ruwan ƙari ne, da gishiri da sukari, da sinadarin tsaftace rijiya, da man motar da za ta kawo ma'aikata. Tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya aka ɗora kiwon lafiya a matakin farko kan ƙananan hukumomi, amma nauyi ba tare da kuɗi ba wahala ce kawai. Haka rikicin manomi da makiyayi. Sau da yawa daga burtalin da aka nome ko mashayar da aka toshe yake farawa. Ciyaman da ke da abin hannu zai iya tara dagatai da arɗaɗa da malaman gona kafin shuka, a bi burtali a kafa alama, a biya diyyar ɓarna tun tana ƙarama. Wutar da aka kashe tana kan kara ɗaya ba ta cin rumbu.

ILLOLI

Albashin malaman firamare

Wannan ce fargaba mafi girma, kuma tana da tushe a tarihi. A zamanin Janar Babangida an taɓa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. A 1991 aka rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa da aka kafa a 1988, aka mayar da makarantu da albashinsu hannun ƙananan hukumomi. Malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya bi yajin aiki, da yawa suka bar alli suka koma gona da kasuwa, har sai da aka maido da hukumar a 1993. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa ko za a ba ƙananan hukumomi 'yanci, kada a bar albashin malamai a hannunsu. Ba tarihin nesa kaɗai ba ne. A 2025 malaman firamare na yankin Abuja sun yi sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da ƙananan hukumomin yankin suka gaza aiwatarwa. Ɗan mai hali a birni idan an rufe makarantar gwamnati sai a kai shi ta kuɗi. Ɗan ƙauye sai dai kiwo da talla, kuma wanda ya fita sau da yawa ba ya komawa, musamman 'ya mace.

Akwai kuma wani amfanin asusun haɗaka da ba a cika faɗa ba. Wasu ƙananan hukumomi malamansu da ma'aikatan lafiyarsu sun yi yawa har kasonsu ba ya ɗaukar albashin, sai a cike musu daga rarar wasu. Idan kowa ya kama gabansa, irin waɗannan za su zaɓi tsakanin bin ma'aikata bashi da sallamarsu.

Sata ta sauko kusa

Kuɗi ba ya tsarkaka don ya sauya hannu. Mun san sakatariyoyin da ciyawa ta cinye harabarsu, ba a ganin kowa sai ranar da kaso ya shigo. Mun san ciyamomin da suka tare a babban birnin jiha, wasu don matsalar tsaro, wasu don jin daɗi kawai. Mun san ma'aikatan bogi, da sunayen matattu da ba a goge daga takardar albashi ba, da aikin da aka biya kuɗinsa sau biyu ba a gani a ƙasa ba. Wa zai sa ido? Majalisar kansiloli ce doka ta ba aikin amincewa da kasafi da bin diddigin kashe shi, amma kansilan da ke jiran alawus daga hannun ciyaman da wuya ya ɗaga masa murya. Mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi yana babban birnin jiha da ma'aikata ƙalilan. 'Yan jarida ba sa zuwa ƙauye sai an yi gobara ko hari. Sa ido kan gwamnoni 36 ya gagari ƙasar nan, balle mutum 774. Ko matakin da hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi ta ɗauka a 2019, na taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, ya nuna cewa an daɗe da sanin inda buhun ke zuba.

Ciyaman yana hannun wa?

Nan tambayar Kawu ta dawo. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, gwamna ne kuma ke naɗa shugabanninta. Sakamakon da aka gani bayan hukuncin bai bambanta da na da ba. A Kano, ranar 26 ga Oktoba, 2024, NNPP ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 kaf. A Kaduna, cikin wannan wata na Oktoba, APC ta kwashe 23 ɗin duka. Haka abin ya kasance a kusan kowace jiha, kowace jam'iyya ce ke mulki. A kwatanta da Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen: a 2022 APC ta ci uku, PDP ta ci uku. Ciyaman da aka yi wa ɗauki-ɗora ya san wanda ya ɗora shi. Ko kuɗin ya faɗa asusunsa kai tsaye, umarni ɗaya ya isa ya mayar da shi ta ƙofar baya, kuma wannan karon sa hannunsa ne a takarda, shi zai amsa tuhuma. Wasu jihohin ma ta ƙofar gaba suka bi. A Oktoban 2024 Anambra ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta zuba wani ɓangare na kasonsu a asusun da jiha ke kula da shi. Aiwatar da hukuncin kansa ya yi ta jan ƙafa wata da watanni, ana ta muhawara kan buɗe asusu a Babban Bankin Ƙasa. Illar a nan ita ce a ce an sami 'yanci, jama'a su saki jiki, alhali igiyar tana nan, tsawonta kawai aka ƙara.

Abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma guda

Ambaliya ba ta san iyaka ba. Kogin Haɗejiya idan ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a 2020 da 2022, Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗejiya da Guri duk abu ɗaya ke samunsu. Ciyawar kacalla da ke toshe hanyar ruwa, idan wannan ya share tasa na gaba bai share ba, aikin banza aka yi. Tsuntsun jan-baki yana kwana a wata ƙaramar hukuma ya yi kalaci a wata. 'Yan bindiga a dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato ba sa duba allon iyaka. Hanyar da ta ratsa ƙananan hukumomi uku ba ta da amfani idan ta tsakiyar ta ƙi yin nata ɓangaren. Fanshon tsofaffin ma'aikata, horar da ma'aikatan lafiya, kason masarautu, duk a tare aka saba ɗaukarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ba a tsara sabuwar hanyar haɗa ƙarfi ta yardar juna ba, za a tashi daga haɗakar dole a faɗa rarrabuwar da ba ta amfani kowa.

Abin da siyasa ke yi wa zumunci

Wannan illa ba a rubuta ta a takardun kotu, amma mu mutanen ƙauye mun fi kowa saninta. Duk lokacin da kujera ta ƙara maiƙo, faɗa a kanta yana ƙara zafi. Garin da kowa ɗan'uwan kowa ne sai ya rabu gida biyu. A daina gaisawa, a ƙaurace wa bikin juna, wani lokaci har masallaci a raba. Ƙauyen da bai zaɓi ciyaman ba sai a hana shi rijiya, rabon taki ya tsallake shi. Dagaci, wanda ya kamata ya zama uban kowa, sai a matsa masa ya nuna ɓangare ko rawaninsa ya girgiza. Ga kuma 'yan karɓar haraji da ake sakar wa kasuwa don a sallami yaran siyasa: kuɗin rumfa, kuɗin shiga da dabba, kuɗin fita da buhu, da yawa ba rasit. Abin da ya fi damuna shi ne kada labarin miliyoyin da ke sakatariya ya kashe mana gayya. Idan kowa ya naɗe hannu ya ce ai kuɗinmu na can, ranar da ba a yi aikin ba mun yi biyu babu.

Idan aka ɗora su a sikeli

Na auna, kuma a wurina fa'idar ta rinjayi illar. Dalilina shi ne, illolin da na lissafa kusan duka muna cikinsu tun kafin hukuncin. An sace kuɗi a ƙarƙashin asusun haɗaka, an bi malamai bashi, an yi ɗauki-ɗora. Bambancin shi ne a da ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba, yanzu ƙofar tana garinmu. Amma rinjayen yana da sharaɗi, kuma sharuɗɗan a bayyane suke.

Na farko, zaɓe ya zama zaɓe. Ko a gyara kundin tsarin mulki a miƙa shi ga INEC, ko a cire naɗin hukumar zaɓen jiha daga hannun mutum ɗaya. Kaduna ta gwada zaɓe da na'ura a 2018, 'yan adawa suka ci wasu kujeru, wanda ya nuna abin mai yiwuwa ne idan an so. Na biyu, a keɓe albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya tun daga tushe, ya faɗa asusunsu kafin kowa ya taɓa kason. Na uku, ayyukan da suka ratsa iyaka a yi musu yarjejeniya a rubuce, kowace majalisar kansiloli ta amince da abin da za ta zuba.

Na huɗu namu ne, ba sai mun jira Abuja ba. Abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata ana wallafa shi, kuma akwai dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Kowane ƙauye yana da ɗalibi ko malami mai waya a hannu. A nemo adadin, a rubuta shi da Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar dagaci da bakin kasuwa. Ƙungiyar cigaban gari ta zauna kafin a yi kasafi, maza da mata, manoma da makiyaya, a fitar da buƙata uku kacal da kowa ya yarda da su, a miƙa wa kansila a rubuce. Bayan wata uku a gayyato shi zauren dagaci, a shimfiɗa masa tabarma, a girmama shi, a tambaye shi inda aka kwana. Mu kuma mu gyara namu halin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin layin da ke ƙofar gidan ciyaman na masu neman kuɗin cefane da ragon suna ne, to da bakinmu muka ce masa ya raba kuɗin rijiya. Ba zai yiwu mu karɓi taliya da sabulu ranar zaɓe, sannan mu nemi asibiti bayan an rantsar ba.

Kwalbatin da muka yi da gayya yana nan, amalanke na bi ta kansa, kuma babu wanda ya taɓa satar buhun siminti ɗaya lokacin gininsa. Ba don mun fi kowa tsoron Allah ba ne. Kowa ya san kwanon hatsin da ya bayar, an kuma karanta lissafi a ƙofar masallaci bayan Juma'a, daga kuɗin da aka tara har na ƙusar ƙarshe. Kuɗin da ke zuwa sakatariya ma kwanon hatsinmu ne, sai dai ya biyo doguwar hanya har muka manta namu ne. Ranar da muka tuna, muka nemi a karanta mana lissafinsa kamar yadda aka karanta na kwalbati, ranar zan koma wurin Kawu in ce masa, "Kawu, ciyaman yana hannunmu."